Jar Audugar Baffa

Baffa ya rasu ranar Laraba da hantsi, a tsakiyar bazara, lokacin da duwatsun garinmu ke ɗaukar zafin da ko akuya ba ta iya tsayawa a kansu. Wanda ya ba mu shi ne ya karɓi abinsa, mu ma can muka nufa. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa, a naɗe cikin farin zugun da ya saƙa da hannunsa tun yana da ƙarfi, ya ajiye a ƙarƙashin gado.

Yayan mahaifina ne. Shi ya riƙe ni tun ina shekara shida, da mahaifina ya rasu, kuma shi da matarsa, wadda nake kira Inna, Allah bai ba su haihuwa ba. Don haka ni ne na zauna a zaure ina karɓar gaisuwa.

Marina ne suka fara zuwa, da hannuwansu shuɗɗa har gwiwa. Babbansu ya durƙusa ya yi addu'a, sannan ya ce da ni, "Shekara arba'in yana kawo mana zare, bai taɓa cewa rini ya yi ba. Kullum sai ya ce a ƙara tsomawa. Yanzu wa zai raina mana aiki?" Ya yi dariya, dariyar ta ƙi ƙarewa da kyau, ya rufe fuska da hannun riga. Liman ya ce Baffa bai taɓa rasa sahun asuba ba, amma kuma bai taɓa barin mutum ya gama magana ba. Masaƙa uku suka zo tun daga Kafin Hausa a ƙafa. Wani tsohon makiyayi, abokinsa na ƙuruciya, ya iso a kan takarkari kashegari, ya zauna a bakin rumfar saƙa har la'asar.

Daga cikin gida kuwa ana ta shigar mata, wasu ban taɓa ganinsu ba. Na lura da wani abu da ban gane ma'anarsa ba a lokacin: kusan duk mai goyo a cikinsu, majanyinta saƙar Baffa ce. Gwaggo, ƙanwar Baffa da mahaifina da ke aure a Aujara, ta wuce ta gabana na ce, "Gwaggo, ya haƙuri?" Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta shige ba ta amsa ba. Na san dalili, kowa a zauren ma ya sani.

Ina rubuta wannan ne don kada a manta da shi, kuma don akwai abin da ya roƙe ni kafin ya rasu na ƙi amsa masa.

Baffa masaƙi ne, amma rabin yininsa ba a kan masaƙa yake ƙarewa ba. Yawon kallo yake yi. Idan aka yi ruwan farko, sai ya bar ƙoshiya a rataye ya hau dutse, ya zauna yana kallon yadda ruwa ke gangarowa yana barin layi baƙi, layi fari, da layi mai launin ƙasa a jikin dutsen. Ya taɓa bin zabuwa tun daga bayan gida har gonar mai unguwa don ya ƙidaya ɗige-ɗigen fiffikenta, mutane suna tsammanin sata zai yi. Inna takan ce, "Wasu sun auri masaƙi, ni na auri ɗan kallo." Shi kuwa ya ce, "Ke ma ai kallonki na yi kafin na ɗauko, ba ki yi ƙorafi ba a lokacin."

Yana da wata tambaya da ba ya rabo da ita: "Ka duba kuwa?" Ka ce masa gero ya nuna, ya ce ka duba kuwa? Ka ce wane mugu ne, ya ce ka duba kuwa? Har ladan ya taɓa cewa rana ta faɗi, Baffa ya fita daga masallaci ya leƙa sama. Abin yana ba ni haushi ƙwarai, don ni mutum ne mai gaggawa, a faɗa mini in aikata in wuce.

Zanen da aka san shi da shi, wanda ya kira bayan-ruwa, daga jikin dutsen nan ya ɗauko shi: fari mai faɗi, shuɗin baba siriri, sai layi mai launin ƙasa a tsakani. Wannan layin na tsakiya ba rini ba ne. Haka audugar take fitowa daga ƙwanso. Jar auduga muke ce mata, ko da yake ba ja ba ce sosai, ta fi kama da launin dutse da la'asar. Ya ce kakarsa ce ta zo da irin a ƙulle a bakin zane lokacin da aka kawo ta aure, tun kafin a haifi duk wani mai rai a garin nan. Bishiyarta ba ta mutuwa da rani, ana barinta shekara da shekaru tana haihuwa.

Mata ba sa son ta ko kaɗan. Gashinta gajere ne, ga shi maƙale da angurya, gurzarta sai hannu ya yi kanta. Inna na gurza tana zaginta: "Mai taurin kai, kin ɗauko halin ubangidanki." Baffa daga rumfa ya amsa, "Ki bi ta a hankali, ta girme ki." Amma duk garin ba wadda ta kai Inna kaɗa ta siriri, kuma in wata ta raina jar audugar a gabanta, nan za a ji bakin Inna.

Na koyi saƙa a hannunsa har na iya. Sai dai lokacin da na zama saurayi duniya ta riga ta canja. Nasara sun zo sun zauna, jirgin ƙasa ya iso Kano, akoko da zanen kanti suka cika kasuwa. Na dubi zaman rumfa, ƙafa na taka, hannu na jefa ƙoshiya daga safe har yamma, na ga ba zan iya ba. Da yake na yi karatun allo ina iya rubutun ajami, dagaci ya ɗauke ni cikin masu raba sabon irin auduga da aka aiko daga sama. Aka ba ni riga da hula. Ranar da na shigo gida da su, Baffa ya tashi daga masaƙa ya faɗi ya yi gaisuwa. "Ranka ya daɗe, Sarkin Iri." Daga ranar sunan ya bi ni, bai sake kirana da wani ba.

Ba na cewa sabon irin ba shi da kyau. Fari ne tas, gashinsa dogo, masu saye suna rububinsa. Amma da shi aka haɗo da doka: duk tsohuwar auduga a tumɓuke a ƙone bayan kaka, don kada ta ɓata sabuwa, kada kuma ta riƙe tsutsa. Mu aka ɗora wa zagaya gonaki mu tabbatar.

Na yi ta kewaye gonar Baffa har sati biyu. Sai mutane suka fara magana, wai Sarkin Iri ya ƙone na kowa ya bar na gidansu. Maganar ta kai kunnen dagaci. Kashegari da safe na ɗauki gatari da mutum biyu muka tafi.

Mun same shi a can, kamar ya san da zuwanmu. Bishiya goma sha ɗaya ce, wasu sun fi ni tsawo. Na yi masa bayanin doka, ina magana da ƙarfi don mutanen da ke tare da ni su ji. Bai katse ni ba, shi da ba ya barin kowa ya gama magana. Da na tumɓuke ta farko ya matso, ya sunkuya ya taɓa saiwar, ya ce, "Ka duba ta kuwa kafin ka cire?"

Na ce, "Baffa, ba a aiko ni kallo ba."

Ya ce, "Haka ne." Ya juya ya tafi gida. Ni na kunna wutar da hannuna.

Wata biyar bai yi mini magana ba bayan amsa gaisuwa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne bai zage ni ba, bai kai ƙarata wurin kowa ba. Inna ce ta yi zagin, ta yi nata ta yi nasa. Ni kuwa na ɗaure fuska na ce aikina na yi. Na tashi daga gidan na gina nawa a ƙarshen unguwa, na auro mata daga Ringim.

Amma kada a ɗauka Baffa waliyyi ne. Yana da baƙar magana idan ya so. Ya taɓa korar wani attajiri da ya zo da zaren kanti a saƙa masa, ya ce ya kai wa wanda ya kaɗa shi. Ya yi shekara uku ba ya gaisawa da wani masaƙi saboda ya kwaikwayi bayan-ruwa da rinannen zare. Sai dai da masaƙin nan ya makance, Baffa ne yake zuwa kowace Juma'a ya zauna a masaƙarsa ya ƙarasa masa aikin mutane, ba tare da ya ce masa sannu ba. Yana gamawa ya karkaɗe riga ya tafi.

Akwai kuma al'adarsa ta majanyi. Duk matar da ta haihu a danginmu ko a unguwa, ko wadda ta taɓa kaɗa masa zare ko sau ɗaya, sai ya saƙa mata majanyin goyo na bayan-ruwa, ya ba Inna ta kai ranar suna. Ba ya karɓar komai. Ko bayan na ƙone gonar bai daina ba. Na san yana da wasu 'yan bishiyoyi a wani lungu tsakanin duwatsu, inda yake hawa shi kaɗai. Na sani, na yi kamar ban sani ba, kuma na ɗauki wannan a matsayin babban alheri da nake yi masa.

Da matata ta haifi 'yarmu ta fari, shekara uku ke nan, Inna ta zo da majanyi a naɗe. Matata ta yi murna za ta warware, na karɓe. Na ce gidan mai raba iri ba za a ga jar auduga a bayan matarsa ba, mutane za su ce me? Na cusa shi a ƙasan adudu yadda aka kawo shi, na sayo mata na kanti. Inna ta koma ta faɗa masa. An ce sai kawai ya tambaya ko yarinyar tana da lafiya.

Ciwon ƙafa ya kama shi damina biyu da suka wuce, hawan dutse ya gagara. Kafin ya sami wanda zai aika, awaki da wutar daji sun gama da bishiyoyin lungun. Abin da ya rage shi ne gora guda ta angurya, rataye a rumfar saƙa.

Kwana huɗu kafin rasuwarsa na je duba shi da la'asar. Ya rame, amma idon nan yana nan. Ya ce, "Sarkin Iri, matso." Na matsa. Ya ce, "Gorar nan da ke rumfa, ita ke nan. In ruwa ya sauka ka zuba mini ita a ƙasa. Ko a ina ne."

Na ce, "Baffa, ka san aikina."

Ya daɗe yana kallona, irin kallon da yake yi wa dutse. Sannan ya juya fuska bango. Na ce a raina gobe zan dawo in ce masa to. Kashegari aka tura mu zagaye ƙauyuka, muka kwana uku. Na dawo ranar Laraba na tarar ana haƙa kabari.

Duk zaman makokin nan, ina amsa "ya haƙuri" da baki, zuciyata tana kan gorar. Na riga na yanke: ruwan farko zan shuka ta, in an kore ni a kore ni. Ita kaɗai ce hanyar da ta rage mini ta ce masa to.

Ranar sadakar uku da safe na shiga rumfa in ɗauke ta in adana. Na tarar da ita a ƙasa, baki buɗe, ba ko ƙwaya ɗaya.

Matata ce. Ta ga takarkarin tsohon makiyayin nan ɗaure a rana kwana biyu, ba ciyawa ko tsinke a bazarar nan, ta ji kunya a ce dabbar baƙo ta kwana da yunwa a gidan mutuwa. A garinsu angurya abincin shanu ce, a buhu ake tara ta. Ta ga gora cike, ta juye masa. Da ta ga fuskata ta ce, "Maigida, laifi na yi?" Na buɗe baki in yi faɗa, sai na tuna ni ne ban taɓa faɗa mata komai game da audugar ba, don ba na son a ambace ta a gidana. Na durƙusa inda aka ɗaure san ina tona ƙasa da yatsu ko zan sami wadda ta faɗi. Kaji sun riga ni.

Nan na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba. Na zauna a ƙasa cikin kashin shanu, da rigar aiki a jikina, ina kuka kamar an doke ni. Tsohon makiyayin ya tsaya a kaina yana ta cewa, "Ayya, ayya, da na sani da na ɗaure masa baki."

Gwaggo ce ta fito. Ta tsaya riƙe da ƙugu ta ce, "Yau kuma kukan me Sarkin Iri yake yi? Ai an rage maka aiki. Ba sai ka nemo ashana ba."

Na ce, "Gwaggo, ya ce in shuka masa. Ban amsa ba."

Sai ta ce in biyo ta bayan rumfa inda ba kowa. Ta ce, "Kai da kake yawon gonaki, ka taɓa shiga cikin gidan wani?"

Na ce, "Haba Gwaggo, namiji baligi ya shiga gidan matan aure?"

"To dokarku a zaure take tsayawa. Duk majanyin da Yaya ya saƙa, akwai ƙulli a gefensa, ƙwaya bakwai. Mai jego ta kwance ta shuka a bayan ɗakinta, inda take zubar da ruwan wanka. Ni ina da biyar a Aujara. Matan nan da ka ga suna shiga, kowace tana da nata. Duk mun sani. Kai kaɗai aka ɓoye wa."

Ban san lokacin da na kama gefen zanenta ba. Na ce, "Ki ba ni ko ƙwaya uku, don Allah."

Ta fizge zanenta. "Ba zan ba ka ba. Na rantse hannun da ya kunna wutar nan ba zai karɓi iri daga hannuna ba." Ta yi taku biyu ta tsaya, ba ta juyo ba. "Ranar da aka haifi 'yarka na ce masa, Yaya, wannan karon kada ka ƙulla, gidan maƙiyi za ta. Ya ce in rufe masa baki, ɗansa ne. Ina majanyin?"

Da gudu na tafi gida, hula ta faɗi ban tsaya ɗauka ba. Na zazzage adudu. Yana nan a ƙasa yadda Inna ta naɗe shi, fari, shuɗi, da layin nan mai launin dutse. Na warware. A gefe ɗaya ga ƙulli, ɗan ƙarami, an ɗaure shi tamau irin ɗaurin masaƙa. Shekara guda ke nan da ƙona masa gona ya ɗaura shi, ya aiko mini har gida. Shekara uku ina kwana kusa da shi ina cewa Baffa bai yafe mini ba. Ban duba ba.

Ruwan farko ya sauka bayan sadakar arba'in da 'yan kwanaki. Na shuka bakwai ɗin a bayan ɗakin matata. Irin ya tsufa, na sani, kullum da safe sai na je na tsuguna. Huɗu ba su fito ba. Uku suka fito, ɗaya kaza ta tone, muka kewaye biyun da ƙaya. Matata ta fi ni tsaronsu, ko 'yarmu ba ta bari ta matsa kusa. Matar tawa ce ma ta fara goya jaririnmu, ƙanin yarinyar, da majanyin, ta fita da shi har rijiya, ban hana ta ba.

Na koyi zama a gabansu. Ban taɓa sanin furen yana buɗewa da safe rawaya, kafin yamma ya koma ja-ja ba. Shekaru ina tumɓuke ta a gonakin mutane ban san wannan ba.

Har yanzu ina da riga da hular. Mako mai zuwa za mu fita zagayen kaka, ban san abin da zan yi ba idan wani ya kai maganata gaba. Na dai san ba zan sake kunna wa jar auduga wuta ba, ko ta wa ce.

Jiya ƙwanson farko ya fashe. Inna ta daɗe da fita takaba, na je na ɗauko ta. Ta zo tana dogara sanda, ta sunkuya ta cire audugar, ta ja ta da yatsu tana neman raba ta da angurya, ta ƙi rabuwa. Ta ce, "Ji ta nan. Mai taurin kai." Sai ta tsaya ta share ido da gefen mayafi.

Allah ya jiƙan Baffa, ya sanyaya masa ƙasar da yake ciki, ya yafe masa baƙar maganarsa, ni kuma ya yafe mini shiruna.

Inna ta ƙulle audugar a bakin zanenta. Ta ce, "Gurza da kaɗi nawa ne, kamar kullum. Masaƙar tana nan a rumfa, na hana a taɓa." Ta dube ni. "Za ka zauna a kanta, ko sai na nemo wani?"

Na ce, "To, Inna."